Lenglen ko Wills: wacce ya kamata mai koyon tanis ta ɗauka abin koyi?

Duk kocin da ke koyar da 'yan mata wasan tanis, ko uban da 'yarsa ta fara riƙe raket, wata rana sai ya buƙaci sunan da zai riƙa kafa mata misali da shi. Taurarin yau suna nan birjik, amma akwai riba a waiwayi zamanin da raket na katako ne, babu rundunar likitoci da masu lissafin abinci a bayan ɗan wasa, abin da hannunsa da ƙafarsa suka iya shi ke fitar da shi kunya. A wancan zamani mata biyu ne suka riƙe wasan a tafin hannunsu: Suzanne Lenglen ta Faransa da Helen Wills ta Amurka. Daga 1919 zuwa 1938 an yi gasar Wimbledon sau 20, su biyun nan suka kwashe kofin mata sau 14. Sai dai hanyoyinsu sun sha bamban ƙwarai, ta yadda ba za ka ce wa yarinya ta bi su duka a lokaci guda ba. Dole a zaɓa, ko aƙalla a san abin da za a ɗauka wurin kowacce.

Mai gaggawa zai duba lissafi kawai ya yanke hukunci. Wills ta ci manyan gasanni 19 a wasan ɗai-ɗai: Wimbledon takwas, na Amurka bakwai, na Faransa huɗu. Takwas ɗinta na Wimbledon ba a karya shi ba sai 1990, da Martina Navratilova ta ci na tara. Lenglen kuwa takwas ake ƙirga mata gaba ɗaya, Wimbledon shida da na Faransa biyu. To amma wannan lissafi yana da ha'inci a cikinsa. Kafin 1925 gasar Faransa ta 'yan kulob-kulob ɗin ƙasar ce kawai, shi ya sa ba a sa nasarorin da Lenglen ta yi a cikinta daga 1920 zuwa 1923 a jerin manya. Babbar gasar duniya ta filin jar ƙasa, wadda ita ce mai daraja a lokacin, ta ci ta a 1914 tana da shekara 15, ta sake ci a 1921, 1922 da 1923, kuma yau an daina ƙirga wannan gasa. Yaƙin Duniya na Farko ya cinye mata shekarun da 'yar wasa ke tasowa. Amurka sau ɗaya tak ta je gasarsu. Sannan ta bar fagen gasa tana da shekara 27, alhali Wills ta ci kofinta na ƙarshe tana da 32. A ɗaya ɓangaren kuma, adalci ya sa a faɗa cewa a 1920 da 1921 wasa ɗaya kacal Lenglen ta buga ta riƙe kofin Wimbledon, domin dokar lokacin ta bar mai riƙe da kofi ya zauna ya jira wanda ya tsallake sauran. Sai 1922 aka soke wannan tsari. Ke nan yawan kofi ba zai raba wannan gardama ba.

Inda bambancin yake a fili shi ne a yadda kowacce ke buga ƙwallo. An haifi Lenglen a 1899, mahaifinta Charles ya ba ta raket tana da shekara 11, kuma shi ya zama kocinta. Iyalin kan yi lokacin sanyi a birnin Nice, inda manyan 'yan wasan Turai ke taruwa, shi kuwa uban ya zauna yana nazarin yadda maza ke wasa, ya dawo ya ɗora wa 'yarsa. Sanannen darasinsa shi ne shimfiɗa hankici a wani gefe na fili, ya ce ta yi ta bugu har sai ƙwallo ta riƙa sauka a kansa, sannan ya matsar da shi wani wuri. Ya kuma sa ta koyi rawa da tsalle-tsalle saboda ƙafa. Abin da ya fito daga wannan horo shi ne 'yar wasan da ba ta da ƙarfin a zo a gani, amma tana ajiye ƙwallo inda ta ga dama, ba ta cika kuskure ba, tana isa kowane lungu na fili kafin ƙwallo ta isa, kuma tana shigowa gaban raga ta tare ƙwallo a sama a lokacin da yawancin mata ke maƙale a layin baya. A Wimbledon ta 1925, gem biyar kawai aka ci ta a duk wasanninta na ɗai-ɗai (gem shi ne ƙaramin zagaye na wasa, tarin gem kuma shi ke haɗa babban zagaye da ake kira set).

Wills, wadda aka haifa a Kalifoniya a 1905, 'yar likita ce. Ta shiga kulob ɗin tanis na Berkeley tana da shekara 14, ta taso a filayen da ƙwallo ke tashi sama da sauri, tana atisaye da maza. Makaminta ƙarfi ne. Tana tsayawa a layin baya ta yi ta narka bugu mai nauyi da nisa, ta gaban hannu da ta bayan hannu, har abokiyar karawa ta gaji ta sallama. Bugunta na buɗe wasa ma ya fi na kusan duk matan zamaninta. A 1933 ta kara da Phil Neer, namijin da ya taɓa shiga sahun gaba a Amurka, a wasan nuni a San Francisco, ta doke shi 6-3, 6-4. Rauninta kuwa sananne ne: ƙafarta tana da nauyi, kuma gajeriyar ƙwallo da ke jawo ta gaba tana ba ta wahala. Hazel Wightman, wadda suka ci zinaren bibbiyu tare a gasar Olimfik ta Paris a 1924, ta sha fama da ita a kan wannan. Amma dai daga tsakiyar 1927 har zuwa wasan ƙarshe na Wimbledon a 1933, ba a samu wadda ta ci ta ko set ɗaya ba, sai da Dorothy Round ta karya wannan.

Sau ɗaya tak suka haɗu a wasan ɗai-ɗai, ranar 16 ga Fabrairu 1926, a kulob ɗin Carlton da ke Cannes a kudancin Faransa. Ƙaramar gasa ce, amma jaridun Turai da Amurka suka hura mata wuta har ta zama abin da duniya ke jira. Kujeru suka ƙare, mutane suka hau rufin gidaje da bishiyoyi. Lenglen tana da shekara 26, a gida take, a kan jar ƙasar da ta tashi a kai. Wills tana da 20, baƙuwa, ba ta gama sabawa da irin filin ba. Lenglen ta ɗauki set na farko 6-3. A na biyu Wills ta yi gaba 3-1, ta sake yin gaba 5-4, kuma kowa ya ga Lenglen ta jigata. Da ta farfaɗo ta kai 6-5, saura maki ɗaya ta gama, sai Wills ta saki bugu zuwa lungu, aka ji wata murya ta ce ƙwallo ta fita. 'Yan kallo suka ɓarke da sowa, aka fara kawo furanni, 'yan wasan suka yi musabaha. Can sai mai kula da layin, Lord Charles Hope, ya ratso jama'a ya shaida wa alƙalin wasa cewa ba shi ya yi magana ba, ƙwallo tana ciki. Aka kwashe furanni aka koma fili. Wills ta ci wannan gem ɗin, ya zama 6-6. A nan ne aka zaci Lenglen, wadda aka san ta da saurin rikicewa, za ta wargaje. Ba ta wargaje ba. Ta ci gem biyu a jere, 8-6.

Me wannan wasa ke gaya wa mai zaɓe? Abu biyu, kuma suna jan juna. Na farko, iya ajiye ƙwallo da saurin ƙafa sun rinjayi ƙarfi a ranar, kuma Elizabeth Ryan, wadda ta yi wasa da su duka ta kuma ci kofin bibbiyu na Wimbledon sau shida tare da Lenglen, tana kan ra'ayin cewa Lenglen ce ta fi. Na biyu, wadda aka doke ɗin ba ta kai ganiyarta ba tukuna. Shekara guda bayan haka ta fara zamanin da ba a cin ta set. An so a ga karo na biyu a Paris a bazarar 1926, sai ciwon afendis ya kwantar da Wills aka yi mata tiyata, kafin ta dawo kuma Lenglen ta bar fagen. Duk wanda ya ce maka wasan Cannes ya rufe magana, ya ɗora wa wasa ɗaya kayan da ya fi ƙarfinsa.

Ni a ganina, abin da ya fi muhimmanci ga uba ko koci ba ya cikin filin ma. Yana cikin yadda aka raini kowacce. Charles Lenglen ya gina gwanar da ba a taɓa ganin irinta ba, amma ya gina ta da tsawa. Shi da matarsa kan zauna a bakin fili suna yi mata faɗa a gaban jama'a idan ta yi kuskure, ko da tana kan gaba. Yarinyar ta girma da tsoron faɗuwa wanda ya fi na kowa, ga rashin lafiya da ke yawan kama ta a daidai lokacin da matsi ya yi yawa. A wasan ƙarshe na gasar Wimbledon ta 1919, da Dorothea Lambert Chambers mai shekara 40 wadda ta ci kofin sau bakwai, an tashi 10-8, 4-6, 9-7, domin a lokacin ba a yanke set sai an samu ratar gem biyu komai daɗewa. Sau biyu Chambers ta kai ga maki ɗaya ta ci wasan, Lenglen ta kuɓuta. Jarumta ce ta gaske a gaban Sarki George na Biyar da Sarauniya Mary. Amma a tsakiyar wasan nan uban ne ke jefa mata abin da zai farfaɗo da ita, kuma barasa ce. Ta ci gaba da kurɓar ta a wasanni masu zafi har a Cannes. Wannan kam ba sai an ce a bar shi a inda yake ba.

A 1921 ta tafi Amurka ba tare da uban ba, ba ta da cikakkiyar lafiya, ta sauka daga jirgin ruwa kwanaki kaɗan kafin gasa. Ƙuri'a ta haɗa ta da mai riƙe da kofi, Molla Mallory, tun a wasanta na farko. Mallory ta ci set na farko 6-2, Lenglen tana tari, aka shiga na biyu ta je wurin alƙali ta ce ba za ta iya ci gaba ba, ta fita tana kuka. Jaridun Amurka suka yi mata ca. Wannan ne kaɗai faɗuwarta a wasan ɗai-ɗai tun bayan yaƙi har ta bar gasa, kuma ta rama a wasan ƙarshe na Wimbledon a 1922, 6-2, 6-0, cikin ƙasa da rabin sa'a. A 1924 ciwon shawara ya kama ta, ta janye daga Wimbledon ana tsakiyar gasa, ta kuma rasa Olimfik ɗin da aka yi a garinsu, ita da ta ci zinare biyu a Antwerp a 1920. A 1926 aka samu ruɗani a kan lokacin wasanta a Wimbledon, ta makara alhali Sarauniya Mary na zaune tana jira, aka yi cacar baki, 'yan kallon da ke ƙaunarta suka juya mata baya, ta janye. Ba ta sake buga Wimbledon ba.

Gidan su Wills ba haka yake ba. Uban ya koya mata bugun farko ya miƙa ta ga kocin kulob, William Fuller, uwar kuma ita ke raka ta tafiye-tafiye ba tare da hayaniya ba. Ba ta ajiye karatu ba, ta yi zane-zane a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A fili ba ta murmushi, ba ta fushi, ba ta kallon 'yan kallo, hular kare rana a goshi, ido a kan ƙwallo. 'Yan jarida har laƙabi suka yi mata a kan wannan fuska da ba a karanta komai a cikinta. Ta san faɗuwa tun da wuri kuma ba ta kashe ta ba: Mallory ta doke ta a wasan ƙarshe na Amurka a 1922 tana da shekara 16, ta dawo a 1923 ta karɓe kofin daga hannunta. A 1924 ta riƙe Kitty McKane a wasan ƙarshe na Wimbledon, set ɗaya a hannu da 4-1 a na biyu, wasan ya kuɓuce mata. Ba ta sake faɗuwa a Wimbledon ba har ta yi ritaya.

Kada dai a ɗauka ita waliyiya ce. A wasan ƙarshe na Amurka a 1933, a Forest Hills, filin da Lenglen ta fita tana kuka a 1921, Helen Jacobs tana gaba da ita 3-0 a set na uku, Wills ta ɗauki rigarta ta ce bayanta ya hana ta ci gaba. Ciwon gaskiya ne, ya raba ta da gasa kusan shekara biyu, amma mutane da yawa sun ga ta hana Jacobs daɗin cikakkiyar nasara. A 1938 kuma, da Jacobs ta ji rauni a idon sawu a wasan ƙarshe na Wimbledon, Wills ta ci gaba da narka mata bugu ba ko sannu, 6-4, 6-0. Abokan wasanta da dama sun ɗauke ta mai sanyin hulɗa. Sai dai tsakanin waɗannan biyu akwai wasan ƙarshe na Wimbledon a 1935, inda ta dawo daga jinya, Jacobs ta kai 5-2 a set na uku har da makin gamawa, Wills ta juya wasan ta ci 7-5. Idan ana neman wasa ɗaya da za a ba yarinya labarinsa a kan haƙuri, wannan ne.

Sai maganar kuɗi, wadda a nan Lenglen ce ke da gaskiya kuma ita ta biya farashin. A zamaninsu manyan gasanni na masu wasa don sha'awa ne, ba a biyan ɗan wasa ko sisi a hukumance, alhali kulob-kulob na cika aljihu da kuɗin ƙofa. Wimbledon ta koma sabon fili mafi girma a 1922, kuma cincirindon masu son ganin Lenglen na cikin dalilan. Dukiyar mahaifinta ta ja baya, lafiyarsa ta taɓu, ita kuwa ta ba wasan rayuwarta ba ta tara komai ba. A 1926 ta sa hannu da ɗan kasuwar Amurka C. C. Pyle a kan aƙalla dala 50,000, ta zagaya Amurka tana karawa da Mary K. Browne, wadda ba ta ci ta ko sau ɗaya ba. Hukumar tanis ta Faransa ta kore ta daga gasanni, kulob ɗin Wimbledon ya janye mata karramawar da ya yi mata. Sai 1968 aka buɗe manyan gasanni ga masu wasa don kuɗi, shekara 30 bayan rasuwarta a 1938 tana da shekara 39. Yau filin wasa na biyu a Roland Garros, inda ake buga gasar Faransa, da kofin matan gasar sunanta suke ɗauke da shi. Wills ba ta shiga wannan rigima ba domin ba ta da buƙata: 'yar likita, matar dillalin hannun jari, tana kuma samun na kashewa daga rubutu da zane a jaridu. Ta rayu har 1998, ta bar wa jami'arta dala miliyan 10 don binciken ƙwaƙwalwa. Iyalin da ba su da irin wannan madogara su lura cewa natsuwar Wills tana da jari a bayanta.

To wacce za a ɗauka? Idan yarinyar ƙarama ce, ƙasa da shekara 13, ko ba ta da jiki, Lenglen ce malamarta a fili. Ƙarfi yana zuwa da girma, amma ƙafa da iya saiti idan ba a kafa su da wuri ba, gyaransu daga baya aiki ne ja, kamar miƙe icen da ya riga ya bushe. Darasin hankici ba ya cin ko kwabo, ana yin sa a kowane fili, kuma yana nan da amfaninsa har gobe. Akwai gajerun hotunan majigi nata, baƙi da fari marasa sauti, wasu an rage musu gudu, ana samunsu a YouTube. A sa yarinya ta kalli ƙafafun, yadda ba sa tsayawa wuri ɗaya da yadda take daidaita jiki kafin bugu. Tsallen da take yi kamar mai rawa, wanda masu ɗaukar hoto suka fi so, ba shi ne darasin ba. Riƙon raket ɗin ma kada a kwaikwaya. Na katako ne mai ƙaramin kai, raket ɗin yau yana son wani riƙo dabam da murɗa ƙwallo fiye da yadda suka sani.

Idan kuwa ta kai shekara 14 zuwa sama, tana da tsayi da ƙarfin kafaɗa, wasan Wills ya fi kusa da abin da za ta tarar a gasar yau, inda yawancin maki daga layin baya ake cin su da bugu mai nauyi. A nema mata maza waɗanda suka ɗan fi ta su riƙa atisaye tare, a kuma ware lokaci na musamman ga gajeriyar ƙwallo da shigowa gaban raga, tunda nan ne aka riƙa kama Wills. Haka nan yarinyar da ke kuka ko jifa da raket idan an ci ta, labarin 1922, 1924 da 1935 za a ba ta, ba na Cannes ba.

Ga uban da ke tunanin zama kocin 'yarsa da kansa, a nan ba na raba ƙafa. Ya ari dabarun Charles Lenglen, amma wurin zama a bakin fili ya yi koyi da likita Wills, wanda ya kai 'yarsa kulob ya damƙa ta ga Fuller ya koma asibitinsa.